Gyaran Hoto: Wace Manhaja Ce Ta Dace Da Kai?

Ranar yaye ɗalibai, ko gasar wasannin makaranta, ko hawan Sallah, duk inda ka duba wayoyi ne a sama ana ta ɗaukar hoto. Bayan an watse sai aiki na biyu ya taso, wato gyara. Wani hoton ya yi duhu, wani ya karkace, wani kuma rana ta cinye fuskar mai shi. A nan ne ake ta musu tsakanin abokai: wannan ya ce Lightroom, wancan ya ce PicsArt, wani ya rantse cewa in ba Photoshop ba, wasa ake yi.

Mu a wannan shafi, shawararmu ita ce kada ka fara da tambayar wace manhaja ce ta fi kowace. Fara da tambayar kanka abu uku: wane irin gyara nake son yi, wace na'ura ce a hannuna, kuma me zan biya? Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Gyara iri biyu ne

Akwai gyaran da ke fito da abin da kyamara ta riga ta ɗauka: ƙara haske, rage duhu, daidaita launi, miƙe hoton da ya karkace, datse gefen da ba a buƙata. Wannan shi ne aikin Snapseed da Lightroom da darktable. Akwai kuma gyaran da ke ƙirƙiro sabon abu: yanko mutum daga wannan hoto a liƙa shi a wancan, ɗora rubutu, haɗa fastar ƙungiyar muhawara ko katin gayyata. Wannan fagen Photoshop ne da GIMP da Photopea da Canva. Mai son gyara hoton ƙanwarsa da ya yi duhu ba ya buƙatar Photoshop, kamar yadda mai yanka albasa ba ya neman gatari.

Idan waya ce a hannunka

Snapseed ta fito a 2011, kamfanin Google ya saye ta a 2012. Kyauta ce, ba talla a cikinta, kuma tana aiki ko babu data. Tana ba ka damar taɓa wuri ɗaya a hoto, misali fuskar da inuwa ta rufe, ka haskaka shi ba tare da ka dami sauran hoton ba. Ga mai farawa, da wuya a sami wadda ta fi ta sauƙi.

Lightroom ta kamfanin Adobe ce, kuma tun 2007 masu sana'ar hoto ke amfani da ita a kwamfuta. Ta waya ana sauke ta kyauta, amma sai ka yi rajista, kuma wasu kayan aikin, kamar gyara wani ɓangare na hoto shi kaɗai, sai wanda ya biya. Ƙarfinta na wajen launi: kana iya kama jan rigar dogari ka ƙara masa kauri ba tare da ka taɓa koren da ke kusa da shi ba. Tana kuma da abin rage hazo, wanda ke da amfani sosai ga hotunan lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke mayar da komai fari-fari.

PicsArt da Canva sun fi dacewa da haɗe-haɗe da rubutu da ado. In fasta ko sanarwa kake so, su ne abokan tafiya. In koyon ɗaukar hoto kake so, za su iya shagaltar da kai da ƙyale-ƙyale.

Idan akwai kwamfuta

Photoshop ta shiga kasuwa a 1990, aikin wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas da John Knoll. Tun 2013 Adobe ya daina sayar da sababbin fitowarta a biya sau ɗaya, ya koma tsarin biya duk wata ko duk shekara. Ma'ana, ranar da ka daina biya, ranar ƙofa ke rufewa. Ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin data da na tara, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Abin farin ciki, akwai na kyauta masu ƙarfi. GIMP ɗalibai biyu ne suka fara ta a 1995 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, kuma har yau masu sa-kai ne ke ci gaba da gina ta. Tana yin mafi yawan abin da mai sha'awa zai nema a Photoshop. Ita kuma darktable, wadda ta fito a 2009, tana yin irin aikin Lightroom, sai dai tana son haƙuri kafin hannu ya faɗa. Photopea kuwa ba a ma sauke ta: shafinta ake buɗewa a intanet a yi aiki a ciki, kuma tana buɗe fayilolin Photoshop. Wannan ya sa ta dace da ɗakin kwamfutar makaranta, inda galibi ba a yarda ɗalibi ya saka wata manhaja ba.

JPEG da RAW

Za ka riƙa jin waɗannan sunaye biyu, don haka gara ka san su. JPEG hoto ne da waya ta riga ta dafa ta kuma matse shi don kada ya ci wuri. A cikinsa kowane launi na asali, ja da kore da shuɗi, yana da matakan haske 256. RAW kuwa ɗanyen bayani ne kai tsaye daga idon kyamara, wanda kan ɗauki matakai 4,096 ko 16,384. Shi ya sa ake iya ceto farar rigar da rana ta haske ko fuskar da ta nutse a duhu daga RAW fiye da JPEG. Amma RAW na cin wuri ninkin-ba-ninkin, kuma ba kowace waya ke ɗaukarsa ba. In wayarka JPEG kawai take yi, kada ka wahalar da kanka da manhaja mai nauyi don RAW.

Abu biyu za ka kiyaye. Duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake adana shi, yana rasa wani abu na ingancinsa, don haka ka ajiye na asali, ka yi gyara a kan kwafi. Sannan WhatsApp na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba. In za a wanke hoton ko a buga shi a mujallar makaranta, a tura shi a matsayin fayil.

Kyautar da ba kyauta ba

Akwai manhajojin biya da wasu ke fasawa su riƙa rabawa ta Xender ko Telegram da sunan an buɗe komai. Mu dai muna ba da shawarar a guje su. Ban da kasancewarsu kayan sata, ba ka san abin da mai fasawar ya cusa a ciki ba, kuma wayar da ka saka su wataƙila ita ce wadda Baba ko Umma ke tura kuɗi da ita. Sauke manhaja daga Play Store ko App Store, ko daga shafin masu ita. Ka kuma duba izinin da take nema. Manhajar gyaran hoto tana buƙatar ganin hotunanka, amma me ya haɗa ta da lambobin mutanenka ko saƙonninka?

Ina iyakar gyara?

Wannan ya fi zaɓen manhaja muhimmanci. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Meziko, Narciso Contreras, saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a yaƙin Siriya. Abu ne ƙarami a ido, kuma mutumin na cikin tawagar da ta ci kyautar Pulitzer a 2013, amma hakan bai cece shi ba. Dokar 'yan jarida ita ce: kana iya gyara haske da launi daidai gwargwado, amma ba ka ƙara ko cire abin da ke wurin. Duk mai ɗaukar hoto wa kulob ɗin 'yan jarida na makaranta, wannan dokar ta hau kansa.

Haka batun fata. Filtoci da yawa, da an danna su, sai su haskaka fuska su shafe ta sumul har mutum ya koma wani daban. Manhajoji masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, irin su Remini, in aka ba su hoto mai dishi-dishi, ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbin suke yi da hasashe. Kana iya ba su tsohon hoton Kaka su dawo maka da idanun da ba nata ba. Gwanin gyara shi ne wanda ya fito da baƙar fata da ƙyallinta yadda Allah ya yi ta. Kuma kafin ka gyara hoton ɗan ajinku ko 'yar ajinku ka watsa, nemi izininsu.

Gwajin mako guda

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Zaɓi hotuna uku naka: fuska a inuwa, fili a cikin hazo ko tsakar rana, da wani na bayan magariba. Sauke manhaja biyu kawai. A kowace, bi mataki huɗu a jere: miƙe hoton ka datse gefe, daidaita haske, gyara launi har farar rigar makaranta ta zama fara ba ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi ba, sannan ka ɗan buɗe wuraren duhu. Ajiye hoton, ka sake dubansa washegari kusa da na asali. In ka ga gyaran ya fi hoton fitowa, rage hannu.

A ƙarshen mako, riƙe wadda ba ta sa wayarka zafi ko tsayawa, wadda kuma ka gane kanta, ka goge ɗayar. Zauna da ita zango guda cur kafin ka waiwayi wata. Abin da ka koya game da haske da launi a Snapseed, shi za ka tarar a Lightroom ko darktable ranar da ka mallaki kyamara da kwamfutar kanka.