Wa Zai Yarda a Gwada Jininsa a Wurin Aiki?

A shekarar 1999 kamfanin Debswana mai haƙar lu'ulu'u a Botswana ya yi wa ma'aikatansa gwaji ba tare da rubuta sunan kowa ba, sai aka iske kusan kashi 29 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar HIV. Zuwa 2001 ya ɗauki nauyin kashi 90 cikin ɗari na kuɗin magani ga ma'aikaci da abokin aurensa. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Anglo American, wanda ke da dubban mahaƙa a Afirka ta Kudu, ya sanar zai riƙa ba ma'aikatansa maganin kyauta, a lokacin da gwamnatin Thabo Mbeki ke jan ƙafa kan raba shi a asibitocinta. Lissafi ne ya kai su ga haka. Ƙwararren da aka yi shekaru ana horarwa ya kwanta jinya, a biya kuɗin asibiti, a biya na jana'iza, a sallami iyalinsa, sannan a koma neman wani daga farko. Da suka auna, sai suka ga magani ya fi araha. Tun kafin nan kamfanonin yankin suna manna fastoci, suna raba kwaroron roba, suna horar da ma'aikata su wayar da kan 'yan uwansu, mutane kuma ba su daina mutuwa ba.

Wannan tsari na wayar da kai tsakanin abokan aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana zaɓar wasu daga cikin ma'aikatan, mutanen da ake jin maganarsu ko da ba su da muƙami, a horar da su na 'yan kwanaki kan yadda ƙwayar ke yaɗuwa, da inda ake gwaji, da yadda magani ke aiki. Daga nan sai su koma bakin aikinsu. Amfaninsu yana fitowa ne a lokacin hutun cin abinci, ko a cikin motar da ke mayar da ma'aikata gida, inda wani zai matso ya rage murya ya ce, “Wai don Allah, wani abokina ne yake tambaya...” Mai wayar da kan da ya san aikinsa ba zai nemi sanin ko wane aboki ba ne. Shi ne kuma zai lura cewa kwalin kwaroron roba da aka ajiye a teburin sakatariya ya yi wata shida a cike, wanda aka sa a bayan ƙofar banɗaki kuwa kullum a ƙare yake. Likitan da aka gayyato ya yi lacca ta awa ɗaya ba zai taɓa ganin wannan ba.

To, yana aiki? Shaidar da ake da ita gauraye take, kuma gara a faɗi haka. A shekarun 1990 an yi bincike a masana'antu 40 na birnin Harare, aka ba wasu masu wayar da kai aka bar wasu, kuma sababbin kamuwa sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a inda ake da su. Amma a yankin haƙar zinari na Carletonville a Afirka ta Kudu, wani babban shiri irin wannan bai kai ga gaci ba, kamar yadda Catherine Campbell ta nuna a littafinta na 2003. Mahaƙan sun san komai game da cutar. Sai dai mutumin da ke kwana a ɗakin gwauraye wata da watanni nesa da iyalinsa, yana shiga rami kullum bai san ko zai fito ba, da wuya a tsorata shi da ciwon da sai bayan shekaru zai bayyana. Masu cewa tsarin ɓata lokaci ne nan suke kafa hujja. A ganina abin da Carletonville ta nuna shi ne iyakar magana idan ba a taɓa yanayin aikin ba. Wani binciken na Harare da aka buga a 2006 ya ƙara haske: inda aka kawo gwajin cikin ma'aikata, kusan rabin ma'aikatan sun yi, inda aka ba su takardar zuwa wani wuri a waje kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Abokin aiki na iya shawo kan mutum, amma sai gwajin na kusa, kuma sai akwai abin da zai biyo baya.

Abin da ke biyo bayan ya canza ƙwarai. Tun 2011 bincike ya tabbatar cewa magani na rage yaɗa ƙwayar ga abokin aure da kashi 96 cikin ɗari, daga baya aka gano cewa wanda ke shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Ƙwaya ɗaya a rana, mutum ya ci gaba da aikinsa. Wannan ita ce amsar masu fargabar cewa shirin ƙofa ce ta yaɗa fasadi. Mafi yawan aikin mai wayar da kai a yau kai mutane gwaji ne da riƙe su a kan magani, wanda ke cin moriyar kuwa sau da yawa matar da ke gida ce da jaririn da za ta haifa.

A Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya, a Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6. Mai kamfani a Kano ko Kaduna zai ce wannan ba matsalarsa ba ce. Amma inda cutar ta yi ƙaranci nan ƙyama ta fi tsanani, domin ba wanda ya taɓa ganin abokin aikinsa yana shan magani yana cikin ƙoshin lafiya. Shi ya sa nake ganin sirri da tabbacin aiki sun riga komai. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta wa mai ɗaukar aiki sanya gwaji a matsayin sharaɗi, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta faɗi haka tun 2001, ta sake jaddadawa a 2010. Kafin dokar, wata ma'aikaciyar jinya da aka kora a Legas a 1995 saboda sakamakon gwajinta sai a 2012 ta yi nasara a kotu. Ma'aikaci ba ya buƙatar sanin wannan shari'a kafin ya ji tsoro. Idan ɗakin shan magani na kallon ofishin manaja, ko nas ɗin kamfani na miƙa fayil ga sashen ma'aikata, ko mai wayar da kai mutum ne mai sakin baki, ba wanda zai zo. Dabarar da ta fi ita ce a haɗa gwajin HIV da na hawan jini da ciwon suga a rana ɗaya, kowa ya shiga layi ɗaya, ba a san abin da ya kawo wani ba.

Sauran ƙorafin shi ne mafi yawan 'yan Najeriya ba a kamfani suke aiki ba. Gaskiya ne, sai dai direbobin tanka da tirela da ke kwana a Tafa da Mararrabar Jos suna da ƙungiyoyi da shugabannin tasha, 'yan kasuwa suna da nasu, kuma maganar ɗan ƙungiya ta fi ta baƙo shiga. Batun kuɗi ma ya taso da ƙarfi tun da Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, alhali shirinta na PEPFAR ne ya daɗe yana ɗaukar kaso mai tsoka na maganin da ake sha a ƙasar nan. Gamayyar kamfanoni ta NiBUCAA da hukumar gwamnati mai yaƙi da HIV, NACA, sun ƙaddamar da asusun yaƙi da cutar a 2022, amma ƙananan masana'antu da tashoshin mota ba su da likitan kamfani. Abin da za su iya shi ne yarjejeniya da asibitin gwamnati mafi kusa, a riƙa zuwa ana gwaji a wurin, a kuma ba ma'aikaci izinin fita ranar karɓar magani ba tare da an tambaye shi ina za shi ba.