UWARGIDA MARGARET EKPO: DAGA KASUWAR ABA ZUWA MAJALISAR DOKOKI

'Yan uwana mata, a wannan mako filinmu zai kai mu kudancin ƙasar nan, domin mu ji tarihin wata mace wadda ta zauna a Majalisar Dokoki ta Jihar Gabas tun zamanin da ƙasarmu take da jihohi uku kacal. Sunanta Uwargida Margaret Ekpo. Abin da nake so ku lura da shi, shi ne hanyar da ta bi har ta kai ga wannan kujera.

An haife ta a shekarar 1914 a Creek Town, kusa da Kalaba. Tana cikin karatu sai mahaifinta ya rasu a 1934, saboda haka ta tsaya a aji shida, ta kama aikin koyar da yara a makarantun firamare. A 1938 ta auri wani likita, suka zauna a garin Aba. To, ke da aka cire daga makaranta, ko aure ya katse miki karatu, ki saurara. A 1946, tana matar aure, ta tafi birnin Dablin na ƙasar Ailan tare da mijinta, ta koma aji, ta sami takardar shaida kan ilmin kula da gida. Da ta dawo sai ta buɗe makarantar koyar da 'yan mata ɗinki da aikin gida a Aba.

Shigarta siyasa kuwa ta bakin ƙofar gidanta ta faro. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, doka ta hana shi zuwa tarurrukan da ake yi a kan rashin adalcin da Turawan mulki suke yi wa likitoci 'yan ƙasa. Sai ita ta riƙa zuwa a madadinsa tun daga 1945. A wani babban taron siyasa ta duba ta ga ita kaɗai ce mace, wannan abu kuwa ya dame ta ƙwarai. Ta shiga jam'iyyar NCNC, amma ta gane cewa tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Sai ta nufi inda mata suke, wato kasuwa. Ta kafa ƙungiyar matan kasuwar Aba, amma magidanta da yawa suka hana matansu shiga. A lokacin nan yaƙin duniya na biyu ya jawo ƙarancin gishiri. Uwargida Ekpo ta sayi buhunan gishirin da ke akwai, ta ce ba za a sayar ba sai ga 'yar ƙungiya. Kun dai san halin maigida in an kawo masa miya lami. Ba a daɗe ba mazan da kansu suka bar matansu suka je suka rubuta suna.

Ƙungiyar nan ba a gishiri ta tsaya ba. A watan Nuwamba na 1949, da 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu, tana cikin waɗanda suka ja gaba wajen nuna ɓacin rai, ita da Uwargida Funmilayo Ransome-Kuti ta Abeokuta. A 1954 ta kafa ƙungiyar matan garin Aba baki ɗaya, a shekarar da Jihar Gabas ta ba kowane baligi, namiji da mace, damar jefa ƙuri'a. Matan ƙungiyar suka dage wajen rubuta sunayensu, har ya zama a zaɓen garin Aba na 1955 mata masu ƙuri'a sun fi maza yawa.

An taɓa naɗa ta cikin Majalisar Sarakunan Gabas, amma naɗi daban, zaɓe daban. A 1961 ta tsaya takara a Aba, ta ci kujerar Majalisar Dokoki. Da ta shiga ba ta manta da waɗanda suka aike ta ba. Maganar da ta fi yawan kawowa ita ce ta hanyoyin da ke zuwa kasuwanni, da wahalar sufuri a ƙauyuka, da ci gaban mata wajen sana'a da siyasa. Duk wadda ta taɓa ɗaukar kaya a ka zuwa kasuwa da damina ta san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Juyin mulkin watan Janairu na 1966 ya rushe majalisun ƙasar nan, nan zamanta na majalisa ya ƙare. Lokacin yaƙin basasa kuma hukumomin Biyafara suka tsare ta. Amma Allah ya ja kwananta har ta ga an sa wa filin jirgin saman Kalaba sunanta a 2001. Ta rasu a 2006 tana da shekara 92.

Mu a nan Arewa, sa'ad da take zaune a majalisa, iyayenmu mata ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan magana, sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan dama, suka yi zaɓen ƙasa na farko a 1979. Saboda haka katin zaɓen da ke cikin akwatinki da wahala aka same shi.

Ku duba, shekara 16 Uwargida Ekpo ta yi tsakanin taronta na farko da shigarta majalisa, tana tare da mata 'yan uwanta. Ke uwargida, ƙungiyar adashinku ta unguwa tana iya tambayar mai neman ƙuri'a abin da zai yi game da ruwan sha da asibitin haihuwa. Ke kuma 'yar makaranta, ki riƙe karatunki, ki saba da yin magana a gaban aji, domin wata rana a gaban jama'a za ki yi ta.

Sai mun sadu a mako mai zuwa. Ku huta lafiya.