Kafin Ka Sa Hannu: Turancin Banki Da Na Kotu Ba Irin Na Makaranta Ba Ne

Mutum zai iya cin jarrabawar Turanci da kyakkyawan sakamako, amma a miƙo masa takardar rance ko ta cinikin fili ya karanta daga sama har ƙasa bai gane nauyin da yake shirin ɗora wa kansa ba. Turancin kuɗi da na shari'a yana da nasa ma'anoni, kuma ya rabu gida biyu: na Ingila, wanda Nijeriya ta gada tare da tsarin kotunanta, da na Amurka, wanda ke shigo mana ta waya da intanet. A tsakanin biyun nan ne jahilci ke jawo asara, a nan ne kuma 'yan damfara ke samun ƙofa.

A fara da banki. Asusun da ɗan kasuwa ke cire kuɗi da caki, mu da Ingila "current account" muke ce masa, Amurkawa kuwa "checking account". Cakin ma mu "cheque" muke rubutawa, su "check". Wanda ya fi haɗari shi ne kwanan wata. Idan an rubuta 03/04/2025, a wurinmu 3 ga Afrilu ke nan, a Amurka kuwa 4 ga Maris, domin su wata suke fara sawa. Duk yarjejeniyar da ke da wa'adin biya, a nemi a rubuta sunan watan da haruffa. Caki kuma ba abin wasa ba ne: dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kaya ko lamuni da cakin da ba kuɗi a bayansa.

Manyan lambobi ma suna ruɗarwa. A da "billion" a Ingila miliyan sau miliyan ce, sai a 1974 gwamnatinsu ta koma lissafin Amurka, wato miliyan dubu. A Faransanci, miliyan dubu "milliard" ce, "billion" ɗinsu kuwa ita ce tiriliyan. Mai hulɗa tsakanin Kano da Maraɗi ya lura da wannan.

Takardar rance ita ce inda aka fi kwana ciki. Ka ga an rubuta ruwa kashi 5, ka ce ai da sauƙi. Duba abin da ke biye. "Per annum" a shekara ke nan, "per month" a wata. In kuma an ƙara da "flat", to a kan ainihin kuɗin da ka karɓa za a riƙa lissafa ruwan har ƙarshe, ko da ka biya rabi. Wanda ya ci bashin Naira 100,000 a kan kashi 5 "flat" duk wata, a shekara ruwa kaɗai Naira 60,000 ne. "Reducing balance" shi ne wanda ruwan ke raguwa gwargwadon abin da ya saura a kanka. "Collateral" kuma jingina ce: gida, gona ko mota da za a sayar in ka gaza.

Akwai layi biyu a ƙasan takarda da mutane ke ɗauka ɗaya ne. "Witness" shaida ne, ya ga an sa hannu, iyakarsa ke nan. "Guarantor" kuwa ya tsaya wa mai bashi ne, in wancan ya gudu ko ya gaza, shi za a riƙe. Sau da yawa aboki kan zo da fom yana cewa, "Malam, ɗan sa min hannu a nan, ba wani abu ba ne." Karanta kalmar da ke saman layin tukuna. Haka "surety" a wajen beli: ka yi alkawarin kawo wanda ake tuhuma kotu, in ya tsere kuɗin da aka yanka a wuyanka suke.

A ɓangaren lauyoyi, Ingila ta raba aikin biyu: "solicitor" mai ba da shawara da tsara takardu, da "barrister" mai tsayawa gaban alƙali a manyan kotuna. Amurka "attorney" take cewa. A Nijeriya lauya ɗaya ke riƙe da matsayin biyu na Ingila. Saboda haka saƙon da ya zo daga wani "barrister" na Amurka yana yi maka albishir da gadon wanda ba ka taɓa jin sunansa ba, yana neman kuɗin buɗe fayil, damfara ce irin ta 419.

"Power of attorney" kuma ba ta da alaƙa da ɗaukar lauya. Takardar wakilci ce da ke ba wani ikon yin abu da sunanka, har sayar da filinka in an rubuta haka. In an sa mata "irrevocable", janye ta ba ƙaramin aiki ba ne. Mai gida ko fili kada ya sa mata hannu sai lauyansa, ba na mai saye ba, ya duba.

Wutsiyar sunan kamfani ma tana magana. Namu, kamar na Ingila, "Ltd" ko "Plc" suke ɗauka, "Inc." da "LLC" na Amurka ne. Kamfanin da ke tara jarin jama'a a nan yana taƙama da irin wannan wutsiya, a bincika sunansa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Rajistar CAC ɗin ma ba lasisin karɓar jari ba ce, wannan na hukumar kula da harkar zuba jari ta SEC ne. Waɗanda shirin tara kuɗin jama'a na MMM ya rufe wa asusu a Disambar 2016 sun san zafin rashin bincike.

Wanda bai iya karatun boko ba, doka ba ta bar shi ba. Dokar kare marasa karatu ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, kuma a karanta wa mutum a fassara masa kafin ya dangwala yatsa. Wannan haƙƙinka ne, ka neme shi.

Matambayi ba ya ɓata. Ka nemi a ba ka takardar ka tafi da ita gida, ka kai wa wanda ya san aikin, ka riƙe kwafinka bayan sa hannu, kada kuma ka bar gurbi ko ɗaya a buɗe a cike a bayan idonka. Duk wanda ya ce dole sai yanzu-yanzu, ba zai bari ka yi shawara ba, ka mayar masa da bironsa.