Mangwaron Aure

Duk mai lambun da ya san sana'arsa zai gaya maka cewa ƙwallon mangwaro ba shi da alkawari. Ka sha mai daɗi kamar zuma, ka binne ƙwallon a bayan ɗaki, ka yi ta ban ruwa shekara shida ko bakwai, sau da yawa ranar da ya haihu sai ka tarar da ɗan ƙanƙane mai zare, irin wanda in ka sha sai ka nemi tsinken sakace. Shi ya sa masu lambu ke yi wa itacen aure. A sami dashe mai kaurin ɗan yatsa, a fille masa kai, a tsaga. Sai a yanko reshe daga uwa mai kyau, a feƙe gindinsa, a cusa cikin tsagar, a naɗe da leda tam yadda ruwa da iska ba za su shiga ba. In auren ya kama, bayan 'yan makonni za ka ga toho. Shekara uku ko huɗu ka fara tsinka.

Na kawo zancen lambu ne saboda abu biyu da Kirista ke ji kusan kowace Lahadi, nagarta da bangaskiya, waɗanda mutane da dama ke ɗauka kamar kishiyoyi ne, sai ka zaɓi ɗakin da za ka kwana. A koyarwar Kirista mutum shi ne dashen nan mai zare. Yana da saiwa, yana da ƙarfi, yana jure fari, amma abin da yake haifa da kansa bai taka kara ya karya ba. Reshen da ake cusa masa shi ne sabuwar rayuwa ta wurin Yesu Almasihu, kuma daga waje take zuwa, ba dashen ne ya ƙirƙiro ta ba. Bangaskiya ita ce yarda a tsaga ka a ɗaure, da kuma riƙon da gaɓar ke yi har nama ya haɗu da nama. Nagarta kuwa ita ce mangwaron da ke reto a reshe in bazara ta zo.

Manzo Bulus ma ya yi misali da auren itace a sura ta 11 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sai dai shi da zaitun ya yi, kuma ya juya abin: reshen jeji ne aka ɗaura a kan gindi mai kyau. Shi da kansa ya amsa cewa ba haka aka saba ba, don haka kada masu lambu su kai shi ƙara. A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura ta 5, ya jera halaye 9 da Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa cikin mutum, nagarta da aminci na ciki. Abin lura shi ne da ya zo kan mugayen halaye ya kira su ayyukan jiki, da ya zo kan nagari sai ya kira su amfanin itace. Babu wanda ya taɓa jin mangwaro yana nishi don ya haihu. Ruwan da ke hawa daga saiwa ne ke aikinsa a ɓoye.

To, daga nan rigima ta taso, kuma ba ƙarama ba. Yakubu a wasiƙarsa ya dubi masu cewa sun ba da gaskiya, ga ɗan'uwa tsirara da yunwa, suna sallamarsa da addu'a ba ko loma ɗaya, ya ce irin wannan bangaskiya gawa ce. Wannan shi ne itacen da ya cika tsakar gida da ganye, inuwa luf, amma shekara goma ko yaro bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba. Martin Luther na Jamus, wanda ya tsaya kai da fata cewa ta bangaskiya kaɗai ake samun kuɓuta, wasiƙar nan ba ta kwanta masa sosai ba, har a 1522 ya kwatanta ta da tattaka. Amma shi ɗin ne dai a 1520, cikin ɗan littafinsa kan 'yancin Kirista, ya yi bayani cewa itace ke riga 'ya'yansa zuwa, kuma itace mai kyau ba ya rasa haihuwa. Sai a ranar 31 ga Oktoban 1999, a birnin Augsburg, wakilan cocin Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan matsaya guda: alherin Allah ke ceton mutum ta wurin bangaskiya, ba cancantarsa ba, kuma Ruhun da ya karɓa shi ke tura shi ga aikin kirki. Kusan shekara 500 ana kai ruwa rana kan abin da kowane mai lambu a Zariya zai warware maka kafin ya gama wasa wuƙarsa.

Ni abin da ya fi damuna ma ba itacen da bai haihu ba ne, shi ai kowa na ganinsa. Je kasuwa farkon zuwan mangwaro ka ga wanda aka tsinko ɗanye, aka rufe shi a buhu da sinadarin kabayid, kwana biyu ya yi jawur. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunnen 'yan kasuwa a kan haka don yana cutar da lafiya. Bawo ya nuna, ciki tsami kamar tsamiya. Akwai nagarta irin wannan a majami'u. Mutum ya ba da baiko sai an kira sunansa a lasifika, ya kai buhun shinkafa gidan marayu da mai ɗaukar hoto a bayansa, amma yarinyar da ke masa aiki a gida wata uku ba ta ga ladanta ba. Ba a gane shi da ido. Sai wanda ya gatsa.

Sannan ga abin da sababbin masu lambu kan manta. Bayan aure ya kama, tsohon gindin ba ya haƙura. Ƙasa da ɗaurin za ka ga toho na fitowa, kore shar, ya fi na sama saurin girma. In ka yi sake, shi zai shanye ruwan, reshen kirki ya tsumbure, ka wayi gari da mai zarenka na da. Hassada ke nan, da riƙo, da gulma bayan an tashi sujada. Wanda aka yi wa baftisma shekara talatin da suka wuce ma yana fama da su, kuma maganinsu ɗaya ne: a riƙa zagayawa ana karyewa tun suna laushi.

In kana son ganin itacen da aurensa ya kama, duba Barnaba. Luka, a sura ta 11 ta Ayyukan Manzanni, ya haɗa masa shaidun biyu wuri guda, nagarta da bangaskiya. Mutumin Kubrus ne, asalin sunansa Yusufu. Ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni don mabukata. Wannan kowa na iya yaba masa. Abin da ya fi wuya shi ne lokacin da Shawulu, wato Bulus ɗin nan, wanda jiya-jiya yake farautar masu bi, ya iso Urushalima yana cewa ya tuba. Kowa ya ja da baya, kuma wa zai ga laifinsu? Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Kirki kaɗai ba ya sa mutum ya yi wannan kasada, sai ya yarda har zuciya cewa Allah na iya canja mutum. Daga baya ma har Tarsus ya bi shi ya kawo shi Antakiya suka yi shekara guda suna koyarwa tare.

Itace mai 'ya'ya shi ake jifa, kuma Barnaba ya sha nasa. Ɗan'uwansa Markus ya gudu ya bar shi da Bulus a Bamfiliya tsakiyar tafiyar wa'azi. Da za a sake fita, Barnaba ya ce a ba yaron dama ta biyu, Bulus ya ce faufau. Gardama ta yi zafi har suka rabu: Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus, kuma daga nan littafin bai ƙara bin sawun Barnaba ba. A ganina shi ne ya fi gaskiya a ranar. Shekaru bayan haka, Bulus yana tsare, ya rubuta wa Timoti cewa in zai zo ya taho masa da Markus, don yana da amfani a gare shi wajen hidima.