Dajin prostat: allura da gashi, me ya sa likita ke haɗa su?

Yau magana ce ta dattawanmu. Prostat wata ƴar gaɓa ce ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma cutar daji ta fi kama ta bayan shekara 50.

Dajin nan da sinadarin mazakuta, wato testosteron, yake ci yana girma. Shi ya sa likita ke yin allura, duk wata ɗaya ko wata uku, don rage sinadarin. In ƙarin ya rasa abinci sai ya yi laushi, sannan na'urar gashi ta harba masa haske ta kashe shi. Ga wanda cutar ta yi ƙarfi amma ba ta bazu ba, haɗa biyun ya fi gashi kaɗai tsawaita rai.

Gashin kwana 5 ne a mako, har mako 4 zuwa 8. Allurar kuwa daga wata 6 ne, wani lokaci har shekara 3. A Yamai, cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa ta fara gashi a 2021.

Ba za mu ɓoye muku ba: allurar na kawo zufa, kasala da raunin sha'awa, kuma nan ne wasu ke gudu. Kada a daina sai da izinin likita. Ƴan uwa na ƙetare, ku tanadi kuɗin mota da masauki tun da wuri. Baba, in hitsari na wuya ko da jini, kunya ba magani ba ce, a je a yi gwajin jini na PSA. Allah ya ba da lafiya.