Montessori: Tsarin karatun da aka fara da 'ya'yan leburori ya koma tambarin makarantun masu kuɗi

A ranar 6 ga Janairun 1907, a unguwar San Lorenzo da ke birnin Rum na ƙasar Italiya, aka tara yara kusan 50 a wani ɗaki na gidan haya. Iyayensu leburori ne da ke fita tun da sassafe, su bar su suna gararamba, suna zane bango suna ɓata kaya. Kamfanin da ke da gidajen ya ga gara a killace su da a yi ta kashe kuɗin gyara.

Wadda aka danƙa wa ɗakin likita ce, Maria Montessori, da ta kammala karatu a Jami'ar Rum a 1896, lokacin da mata likitoci ba su taka kara sun karya ba a Italiya. Aka sa wa wurin suna Casa dei Bambini, wato Gidan Yara.

Sunan wannan likita ne ake gani yau a allunan makarantun nazare masu zaman kansu daga Legas zuwa Abuja, Kaduna da Kano. Iyaye da dama na biyan kuɗi saboda sunan, ba tare da sanin abin da ya kamata su tarar a cikin ajin ba.

Yadda ajin yake

Wanda ya shiga ajin Montessori na ainihi zai fara neman teburin malama ya rasa. Babu layin benci da ke fuskantar allo. Akwai kantoci gajeru daidai tsayin yaro, kowane kaya da mazauninsa, kuma guda ɗaya ne tak daga kowane iri. Yaro zai ɗauko abin da ya zaɓa, ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa, ya yi aiki da shi iya son ransa, sannan ya mayar. Idan wani ya riga shi, sai ya jira. Akan ba su kusan awa uku a jere ba tare da ƙararrawa ta katse su ba.

Kayan ba na wasa ba ne kawai. Akwai tubalan katako guda 10 masu ruwan hoda, daga mai santimita 1 zuwa mai santimita 10, da ake jerawa sama. Idan yaro ya ɗora babba a kan ƙarami, idonsa zai gaya masa, ba sai an ce masa ya yi kuskure ba. Akwai haruffa da aka yanka daga sanfefa, yana shafa su da yatsa yana furta sautinsu kafin ya taɓa riƙe fensir. Akwai duwatsun ƙirga masu ruwan zinare: ƙwaya ɗaya, sanda mai 10, faifai mai 100, da curi mai 1,000. Yaron da ya ɗauki dubu da hannu biyu ya ji nauyinta, ya san ta fi ɗaya tun kafin a koya masa sifili.

Sai kuma ayyukan gida: zuba ruwa daga buta zuwa kofi, shara, ɓalla maɓalli, wanke tebur. Nan ne wasu iyaye ke tsuke fuska, su ce ba shara suka kawo ɗansu ya koya ba. Amma hannun da ya saba zuba ruwa bai zubar ba shi ne zai riƙe fensir gobe, kuma yaron da ya iya gama wanke tebur daga farko har ƙarshe ya fara koyon tattara hankalinsa a kan abu ɗaya.

Aikin malama shi ne ta nuna wa yaro yadda ake amfani da kaya, shi kaɗai ko su biyu zuwa uku, sannan ta ja da baya tana lura tana rubutawa. Wannan ja da bayan shi ne mafi wuya ga wanda ya taso a tsarin "ku maimaita bayana".

Ɗan shekara uku da ɗan shekara shida a aji ɗaya

Ana haɗa yara 'yan shekara 3 zuwa 6 a ɗaki guda, kuma yaro kan yi shekara uku da malama ɗaya. Ƙaramin na kallon abin da babban ke yi tun kafin lokacinsa ya zo. Babban kuma idan ya zauna nuna wa ƙaninsa haruffa, karatunsa ne yake ƙara zaunawa. Tunda kowa da inda ya kai, babu wanda ake kira na ɗaya ko na ƙarshe.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. Can ma kowa da allonsa da inda ya tsaya, kuma na gaba kan biya wa na baya. Bambancin shi ne a makarantar allo malam ne ke yanke abin da za a karanta da lokacin da za a wanke allo, a ajin Montessori kuwa yaro ne ke zaɓa daga cikin abin da aka riga aka nuna masa.

Me bincike ya nuna?

A 2006, mujallar Science ta wallafa binciken Angeline Lillard da Nicole Else-Quest a birnin Milwaukee na Amurka. Makarantar da suka duba ta gwamnati ce da ke ɗaukar yara ta hanyar ƙuri'a, don haka suka kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba su dace ba. 'Yan shekara 5 na Montessori sun fi takwarorinsu a karatu da lissafi da iya zama da juna. Wani binciken a Hartford a 2017, da ya bi yara 141 na tsawon shekara uku, ya nuna tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da na masu hali ta ragu.

Yaran da aka yi nazari a kansu ba su da yawa, kuma a Amurka suke. Suka ma ba yau aka fara ba: tun 1914 William Kilpatrick na Jami'ar Columbia ya rubuta littafi yana cewa tsarin bai ba wasan kwaikwayon yara da tunaninsu isasshen fili ba. Har gobe ana wannan muhawara.

Sakamakon da ya fi shafar iyaye a nan shi ne na 2012. Lillard ta gano cewa yaran azuzuwan da suka bi tsarin sau da ƙafa sun fi ci gaba a kan na azuzuwan da suka cakuɗa shi da wasu kayan.

Suna ba shi da mai shi

A 1967 hukumar rajistar tambura ta Amurka ta yanke cewa kalmar Montessori ta kowa ce. Ƙungiyar AMI da ita likitar ta kafa a 1929, mai hedikwata a Amsterdam, na horar da malamai, amma ba ta da ikon hana kowa rubuta sunan a ƙofar makarantarsa. Shi ya sa za ka ga allo ya ce Montessori, ka leƙa ciki ka tarar da 'yan shekara uku a kan benci suna rera A, B, C, an kuma ba su aikin gida.

Masu makarantu kan ce kayan na da tsada, kuma da gaskiyarsu idan daga waje za a shigo da su. Sai dai a Kenya, a sansanin waɗanda rikicin zaɓen 2007 ya raba da muhallansu kusa da Nakuru, an buɗe makarantar Corner of Hope a 2010, inda aka horar da mazauna sansanin suka zama malamai, suka kuma haɗa kayan aikin da hannunsu. Abin da ba a iya sassaƙawa a shagon kafinta shi ne malamar da ta samu horo, kuma nan ne kuɗin ya kamata ya tafi.

Uba ko uwar da ke shirin biyan kuɗin zango na iya neman a bar su su zauna a bayan aji na rabin awa da safe, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba. Su duba ko shekarun yaran a haɗe suke, ko yaro na tashi ya ɗauko aiki da kansa, da kuma muryar wa aka fi ji a ɗakin. Daga nan sai su tambayi malamar inda ta yi horo da tsawon lokacin da ta ɗauka.