Takardar da ke rura haƙon kayan Nok

A shekarar 2027 wa'adin shekara 25 na aron da Najeriya ta ba Faransa zai cika, aron mutum-mutumin Nok guda biyu da na Sakkwato ɗaya. Za a sake cacar baki kan wanda ya saya da wanda ya sayar, a manta da abin da a ganina ya fi rura haƙe-haƙe a kudancin Kaduna: wata 'yar takarda mai tambari da ake bugawa a ɗakunan gwaji na Turai.

Kasuwar tsofaffin kaya ta daina yarda da ido. A Amurka mai tsohon katin hoton ɗan wasa yakan aika shi kamfanin tantancewa a ba shi maki. A Agustan 2022 katin Mickey Mantle na 1952, da kamfanin SGC ya ba maki 9.5, ya tashi dala miliyan 12.6. Haka ake yi wa kayan Nok. Dillali zai sa a huda bayan mutum-mutumin, a ɗebi ɗan garin yumɓu, a kai Ingila ko Jamus. Can za a zafafa garin, hasken da ya fitar ya nuna tun yaushe aka gasa shi. Da takarda ta ce shekara dubu biyu, sai kuɗi ya yi tashin gwauron zabi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kati dai an san kamfanin da ya buga shi. Gwajin yumɓu kuwa shekaru kaɗai yake faɗa. Ba ruwansa da ramin da aka tono abin, ba ruwansa da wanda ya ba da izinin fita da shi, alhali dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Mai saye ya riƙe takarda, yana ganin hannunsa a wanke yake. Faransa kanta daga hannun dillali a Beljiyam ta sayo nata, waɗanda daga baya suka koma aro, ta baje su a Louvre a 2000, shekarar da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda ake wawushewa.

Ɓarnar tana nan gida. Masu binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, da suka fara aiki a 2005 suka yi sansani a Janjala ta Kagarko, sun tarar an riga an yi wa mafi yawan wuraren Nok kaca-kaca. Kan mutum-mutumi mai haƙa yake nema. Gawayi da ƙwayar gero da fasassun tukwane sai ya watsar, alhali da irinsu aka gano al'adar Nok ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masu jabu ma sun gane bakin zaren: sukan harhaɗa tsofaffin gutsattsari su gina sabon mutum-mutumi, inda aka huda ya ci jarrabawa.

Wasu na cewa talauci ne ke jawo haƙon, kuma gwaji na kare mai saye daga jabu. Ba ƙarya ba ne. Sai dai talaucin ya girmi wannan kasuwa, kuma manomin Kwoi ko Kafanchan ba ya barin gonar cittarsa ya shiga rami sai ya ji akwai mai biya.

A farkon shekarun 1990 ɗakin gwajin Jami'ar Oxford ya daina gwada wa dillalai kayan yumɓun Afirka ta Yamma marasa asali, kamfanoni masu zaman kansu suka ɗauki aikin. Ya kamata hukumarmu ta sa wannan a kan teburi kafin 2027: kada a huda kayan Nok ko ɗaya sai an nuna takardar izinin fitarsa daga Najeriya.